Duwatsun Filin Kokawa

"Sawu nawa ka yi da amalanke, Baba?"

Tabulet ɗin nake kallo da na yi tambayar, don idona ba zai iya ɗaukar fuskarsa ba. Muna zaune a inuwar rumbu da hantsi, shi a kan buzunsa, ni a kan turmin da aka kife. Jakinsa yana ɗaure a turke yana korar ƙuda da wutsiya.

"Sittin da biyu," in ji shi. Ko yatsa bai lanƙwasa ba wajen ƙirgawa.

"Kowane sawu nawa anka biya ka?"

"Dala ɗari ukku."

Na danna. Na'urar ta haɗa lissafin da kanta, jikka tasa'in da uku, ta kunna wata 'yar koriyar alama a gefe, wato wannan magidanci ya amfana. Na tambaye shi abin da ya yi da kuɗin, ya ce ya sayi ɗan rago, na danna "kiwo". Sai tambaya ta gaba ta fito. Na karanta ta da Faransanci a zuci, na juya ta Hausa kamar yadda aka koya mana, da murya ba hawa ba sauka.

"Gasar kokawar da anka yi bara ta kyautata rayuwar gidanka? Sosai, ko kaɗan, ko ko alama?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kin jiya?"

Na kasa kunne. Daka ake yi a maƙwabta, akuya na kuka a bayan danga, sai wani babur can nesa.

"Ba komi, Baba."

"Ruwa ne," ya ce, ya karkata kai wajen ƙorama. Wata biyu ke nan rabon sama da ɗigo, gero ya shiga rumbu, ƙoramar nan kuwa ko tsuntsu ba zai jiƙa baki a cikinta ba. Amma Baba ya miƙe tsaye, tasbaharsa ta zame ta faɗi, yana sauraren abin da shi kaɗai yake ji. Inna, da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ta ajiye rariya ta zuba masa ido. Haka suke tun watan takwas, tsakiyar damina.

Da ya dawo ya zauna sai ya ce, "Rubuta sosai."

Na rubuta sosai.

* * *

Sunana Mardiya, 'yar Tsoho da Habsa, daga Kwarin Jima, wani ƙauye a cikin duwatsun Keita. Ni ce ta gidanmu da lakwal ta riƙe har na ƙare sakandare a Madawa, na kuma zauna shekara biyu ina gadin takardata a ƙasan akwati. Don haka da aka ce wani biro, wato ofis, yana neman masu yin anket, masu bin gida-gida da tambayoyi, ban tsaya tambayar anket ɗin me ba. Mai neman aiki ba ya da wannan iyayin.

Shugabanmu, Mushe Abdoulkadir, mutum ne mai fara'a, mai son allo da alli. Ranar farko ya tara mu mu tara ya ce, "Bara an yi babbar gasar kokawa a babban garin kominku, wato ƙaramar hukumarku, kwana biyar, 'yan kokawa daga Buza, daga Madawa, daga Keita. Kwamitin shirya gasa yana son a sake ba shi bana, kuma yana son a ƙara girman fili. Masu ba da kuɗi sun ce a nuna masu abin da gari ya samu. Ku ji da kyau, jikka guda in ta shigo gari ba ta zama wuri ɗaya. Ɗan kallo ya ba mai tsire, mai tsire ya ba mai rago, mai rago ya ba tela. Mu aikinmu mu bi sawunta har inda ta kwana."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai da ya ce "a ƙara girman fili" karo na biyu na daina dariya, domin na san inda duwatsun filin suka fito, na kuma san inda na ƙarin za su fito.

A saman ƙauyenmu baraji biyu ne a kan ƙorama, na sama da na ƙasa. Bango ne na duwatsu da aka jera cikin ragar ƙarfe, a gicciye, don ya karya ƙarfin ruwan da ke gangarowa daga tudu. Na ƙasa yanzu babu shi, yana cikin gari mutane na zama a kansa suna tafi. Saura na sama.

* * *

Mata ne suka gina su, zamanin furoje, wato aikin raya karkara, tun Inna tana budurwa. Maza duk sun tafi cin rani a shekarun nan, sai mata suka rage da tsofaffi. Inna ta sha ba mu labari, ni da yayata Murja, yadda suke hawa tudu tun da sassafe da gammo a ka, kowace ta ɗauko dutsen da wuyanta zai iya, su sauko a jere suna waƙa, a biya su da mai da garin masara. Har yau akwai wani wuri a tsakiyar kanta da gashi bai sake fitowa ba. In tana kitso takan ce wa mai kitson, "Bi a hankali, nan baraji ne."

Kafin barajin, in ji ta, ba mai tsayawa cikin ƙorama da damina ko da rana na ƙwalla, domin ana iya yin ruwa a kan tudu mu nan ba mu ga ɗigo ba, sai dai ka ji shi ya iso. Bayan barajin sai ruwa ya koyi ladabi. Yakan taru, ya tsaya, ya tsiyayo ta tsakanin duwatsu a hankali. Ƙasa ta taru a bayan bangon, itatuwa suka fito, aka yi lambuna. Mu da muka tashi bayan haka ba mu san ana tsoron ƙorama ba. Ta cikinta hanyar gona ta bi, a cikinta muke tona rijiyoyin yashi.

To, bara bayan girbi sai ga ɗan kwangila yana neman duwatsu na gina matakalan zama a filin kokawa, dala ɗari uku kowace amalanke. Bai ce a taɓa baraji ba, wannan kam ba zan yi masa ƙazafi ba. Bai kuma tambayi inda aka samo ba. Wanda ya hau tudu ya fasa dutse da kansa, sawu guda zai yi a yini. Ga kuma baraji a bakin hanya, duwatsu a zaɓe, a jere, masu faɗi, hannun mata ya riga ya tace su.

Aka zauna a ƙofar masallaci aka yi shawara. Dattawa suka ce barajin ƙasa ai ya gama aikinsa. Ba ga shi ya cika da ƙasa har baki ba? Ba ga bagaruwa ta yi saiwa a bayansa ba? Shekara talatin ruwa bai yi ɓarna ba, ƙasa ta zauna, bangon nan yanzu ado ne. Magana ce mai shiga kunne, wallahi, ni kaina da na ji ta a waya na ce haka ne. Inna kaɗai ta fito har ƙofar gida ta ce wa Baba, "Malam, ruwan bai mutu ba, riƙe shi aka yi." Ya ce mata maganar maza ce an riga an gama.

Amalanke ashirin da huɗu suka yi aikin cikin sati uku. Ragar ƙarfen ma ba a bar ta ba, an yanka an yi akurkin kaji.

* * *

Murja ce 'yar fari a gidanmu. Shekara takwas tana gidan mijinta Ɗangana ba ko ɓari, ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta sha baƙar magana. Sai bayan gasar nan da 'yan watanni aka ga tana tofar da yawu tana ƙin warin daddawa. Ranar da labari ya iso, Baba ya tafi kasuwa ya sayo ɗan rago da kuɗin duwatsu, ya ce zai yi kiwonsa da hannunsa har ranar suna.

Da cikin ya shiga wata takwas aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ungozoma ta ce ta riƙa tafiya, kada ta zauna jiki ya yi nauyi. Shi ya sa ta karɓi kai wa Baba fura gona, a hayin ƙorama.

Ranar Talata ce, da azahar. Rana tas a ƙauye, sai dai can arewa, kan tudu, sama ta yi baƙi. Baba yana bakin gonarsa a kan gaɓa, ya hango ta ta sauko cikin yashi da ƙwarya a ka, tana tafiyar masu ciki, hannu guda a ƙugu. Sai ya ji ƙara kamar manyan motocin kamiyo goma sun taso tare. Shi ya san wannan ƙarar tun yana yaro. Ita ba ta taɓa jin ta ba.

Ya yi ihu, ya ɗaga hannuwa, yana cewa ta gudu. Tana tsakiya. Da ta ci gaba da tafiyarta, wataƙila da ta haye, Allah kaɗai ya sani. Amma ta ga mahaifinta yana kiran wani abu, sai ta tsaya cak, ta dafe ƙwaryar, ta karkato kunne don ta ji abin da yake faɗi.

Barajin sama ya riƙe abin da zai iya, sauran ya tsallako. A da, na ƙasa ne yake tare wannan sauran har mutum ya samu ya fita. Washegari aka same ta, nesa, a ƙarƙashin yashin da ya binne lambunan tumatir. Aka yi masu kabari guda ita da abin da ke cikinta. Ragon kuwa shi aka yanka ranar sadakar uku.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya ambaci dutse, domin duk wanda ya zo gaisuwar ko ya ɗauka, ko ɗansa ya ɗauka, ko ya ci tuwon da aka saya da kuɗin.

* * *

Kwana goma na yi ina yawo cikin gari da tabulet a hannu. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ba wanda ya yi mani ƙarya. Safiyanu mai shayi ya ce a kwana biyar ɗin nan ya samu abin da ba ya samu a wata uku, har ya sayi firji. Fatsima mai dambu ta ce, "Ɗiyata, tukunya bakwai nike saukewa a yini, hannuna har ya kumbura. Da kuɗɗin nan na kai mahaifiyata likita aka yi mata aikin ido, yanzu tana ganin jikokinta. Ki rubuta, ki ce su maido muna kokawa!" 'Yan kabu-kabu suka kewaye ni kowa na son a sa sunansa. Masu haya da ɗakuna, masu ruwan sanyi, makaɗa, har mai gadin takalma a masallaci. Kowa na danna masa, koriyar alama ta kunnu.

Ranar ƙarshe na shiga filin. Ba kowa, sai awaki suna kwance a inuwar matakala. Yashin tsakiya ya yi tsiro. Na hau na zauna a layi na uku, na aza hannu a kan dutsen da ke gefena, sai na ji wani zane a ƙarƙashin yatsuna. Na duba. Tsatsa ce ta bar sawu a gicciye, irin na ragar ƙarfe, inda waya ta kwanta a kansa shekara talatin. Na duba na gaba, shi ma haka. Duk layin haka, da na sama da na ƙasa, siminti bai rufe su ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuna bara ni ma ina nan, a wannan gefen, ina tsalle ina ihu da ɗan kokawarmu ya ɗaga na Buza ya buga da ƙasa, Murja na gefena tana riƙe da mayafina tana cewa, "Ke, zauna, kina ba mu kunya!" Na ji tsoro a filin nan da rana tsaka, tsoro na gaske, har na sauko ina tuntuɓe. A bakin ƙofa na ga an riga an kafa turaku an ja igiya a gefen gabas, inda za a yi ƙarin.

* * *

A biro, a Madawa, na jira kowa ya fita sannan na shiga wurin Mushe Abdoulkadir. Na faɗa masa komai, tun daga shawarar ƙofar masallaci har zuwa ƙwaryar fura. Ya cire tabarau, ya yi mani ta'aziyya da gaske, har idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne, da mugu ne da abin ya zo mani da sauƙi.

"Mardiya, me kike so in yi?"

"A sa a rahoto, Mushe. In an ƙirga abin da ya shigo, a ƙirga abin da ya tafi. Lambuna goma sha ɗaya yashi ya binne. Da yayata. In an sake ba su gasar, barajin sama za su kwashe, kuma shi ne na ƙarshe. Bayansa sai gidaje."

"Wa ya tabbatar cewa cire barajin ne ya jawo? Ke injiniya ce? Bana ruwa ya yi ɓarna a wurare da yawa da ba a taɓa dutse ba."

"Duk ƙauyen sun sani."

"Duk ƙauyen kin tambaye su, ga amsoshinsu nan." Ya juyo mani da fuskar na'urarsa. Kwarin Jima, magidanta ashirin da huɗu, ashirin da huɗu sun ce sosai. "An ɗauke mu mu auna abin da gasa ta kawo. Ba ni da gurbin abin da ruwa ya ɗauka. Amma ki ji, a ƙarshen tambayoyi akwai wurin ƙarin bayani. Kawo mani mutum guda, da sunansa, ya faɗi wannan magana a cikin na'ura. In ta shiga, dole in ɗauke ta, ba mai cewa ni na ƙirƙira. Kina da kwana uku."

Na fito ina ganin abin mai sauƙi ne. Mutum guda cikin ashirin da huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu ubana ne.

* * *

Na sami Baba bayan la'asar yana gyaran igiyar jaki. Na durƙusa na yi masa bayani a hankali, na ce zan sake buɗe takardarsa, kalma biyu kawai zai faɗa.

Ya daɗe yana murɗa igiyar.

"In ce mi, Mardiya? In ce ni na kwashe bangon, ni na kira ta ta tsaya?"

"Ba haka ba, Baba. Ka ce dai..."

"Haka ne. Duk yadda kinka juya shi haka ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kullum sai ta tsaya mani a tsakiyar yashin nan tana saurare. Ina salla tana nan, ina cin tuwo tana nan. Abin da ya sa nike iya tashi da sahe shi ne liman ya ce kwananta ne ya ƙare. In na sa hannu a takarda cewa ba haka ba ne, ki gaya mani da wace ƙahwa za ni tsayawa. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mutum ashirin da ukku za ni jawo, har da mijinta."

Na je wurin sauran. Wani ya ce in bar tone-tone. Wani ya ce lakwal ce ta lalata ni. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, lambuna sun tahi, rabin gonakin kwari yashi ne. Bana in ba kuɗɗin duwatsun nan ba, mi za mu ci kafin damina?" Na yi masa sallama na wuce.

Da na dawo gida a rana ta uku, Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Kawo abin naki. Ni za ni hwaɗi."

Na buɗe sabuwar takarda. Suna, Habsa. Shekaru, ta ce in sa hamsin. Ba ta jira tambaya ba ta fara.

"Ki rubuta, ni Habsa na ɗauki duwatsun barajin nan da kaina, damina ukku da rani ukku. Ki rubuta an kwashe su don a zauna a kalli ƙatti suna kokawa. Ki rubuta ruwa ya zo ya tahi da Murja."

Na ɗago kai. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. 'Yar fari ce, kunya ba ta barin uwa ta kira ta, sai dai "ke" ko "waccan". Shekara ashirin da takwas tana riƙe da sunan, sai yau ta sake shi, a gaban na'ura. Baba, da ke bakin rumbu, ya tashi ya fita.

"Inna, sai mun bi tambayoyin da farko, wurin bayani yana ƙarshe." Na karanta ta ɗaya. "Kin samu wani kuɗi ta dalilin gasar kokawa?"

"Ko dala."

Na tsaya. Na san abin da zai faru, an koya mana. Na ce, "Inna, bari in sa i. In sa kin sayar da ƙosai ko goro, ko na dala goma ne. In ba haka ba, ba za ta bar mu mu kai ƙarshe ba."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ki sa ni cikin masu ci? Naman ragon nan ma ban taɓa ba. Ki rubuta gaskiya, ban samu komi ba, ɗiya na rasa."

Na roƙe ta, har na yi kuka, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce in ta fara da ƙarya, sauran maganar tata ma ta zama ƙarya. Na danna a'a. Fuskar tabulet ta yi fari, rubutu ya fito: wannan mutum ba ya cikin waɗanda ake tambaya, mun gode da haɗin kai. Takardar ta rufe kanta.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce ta gode."

Na yage takarda daga kaye, littafin rubutuna, na rubuta maganarta da alƙalamin bik, ta dangwala yatsa da baƙin tukunya. Mushe Abdoulkadir ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Ya kuwa yi. A shafi na arba'in da ɗaya, can ƙasa, akwai layi guda da ke cewa wasu mazauna sun nuna damuwa game da muhalli. A shafin farko kuma akwai wata lamba mai sifiri da yawa, an yi mata manyan baƙaƙe. Aka biya ni kuɗin aikina cif, na karɓa, na sayo buhun shinkafa na kai gida.

* * *

Sati uku bayan haka rediyo ta faɗa an sake ba garinmu gasa. Aka yi ta harba bindigar gargajiya a kasuwa. Ɗan kwangila ya aiko cewa bana dala ɗari huɗu ne sawu.

Ranar da za a fara, na tashi ban ga Inna ba. Baba yana zaune, jakinsa a turke, bai ɗaura masa amalanke ba, bai kuma hana kowa ba. Ya nuna mani tudu da haɓa.

Na same ta a kan barajin sama, a tsakiya, ta tanƙwashe ƙafa ta lulluɓe da mayafi, ba ruwa ba abinci. Na hau na zauna kusa da ita. Da rana ta ɗaga sai ga amalanku suna tahowa a jere, sun fi na bara yawa, har da na ƙauyukan da ke bayanmu. Suka tsaya da suka gan ta. Na ɗauka za a yi rigima, har na shirya bakina. Ba a yi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka matso, suka cire takalma, suka rusuna.

"Inna, ina kwana? An tashi lahiya? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta amsa wa kowa, don ba ta iya ƙin amsa gaisuwa ba. Sannan suka ja jakunansu zuwa can ƙarshen bangon, gefen yamma, suka fitar da almakashin ƙarfe. Na ji ƙarar waya tana tsinkewa, ƙas, ƙas, sai dutse na farko ya faɗa cikin amalanke.

Haka muka yini. Ba wanda ya ɗaga mata murya, wani ma ya kawo mana ruwa a buta ya ajiye. Bangon yana ta gajarcewa, yana matsowa. Wajen la'asar duwatsun da ke ƙarƙashinmu suka fara motsi duk lokacin da aka zare na kusa.

Sai na ga Ɗangana, mijin Murja. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, lambunsa na cikin waɗanda yashi ya binne. Suruki ba ya tsayawa gaban surukarsa ya yi mata magana, don haka ya tsuguna daga nesa, ya juya mata gefe, kansa a ƙasa, ya yafito ni da hannu. Na sauka na je.

"Mardiya," ya ce, bai dube ni ba. "Don Allah ki ce ma Inna ta ɗan gusa. Kada dutse ya zame da ita."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Na juya na hau bangon, yana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Inna tana kallon kwari, inda rufin gidajenmu suke a jere a bakin ƙorama.

Na durƙusa na kama hannunta.

"Inna," na ce, "ki ɗan gusa."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta dafa dutse, ta ja jiki kamu ɗaya zuwa gabas, ta gyara mayafinta ta sake zama.